Kanar Shittu Alao: Ɗan baƙin da zamanin jirgin jet ya fara a hannunsa, ya kuma mutu a cikin jirgin

'Yan uwa mazauna kurmi, na Legas da Badun da Fatakwal da Anacha da sauran garuruwa. Daga Lafiya nake rubuto wannan.

Tun da na gama sakandare nake bin babana harkar shanu. Idan muka yi lodi za mu Legas, ta Akwanga muke bi, mu faɗa Keffi, mu wuce Abuja da Lakwaja. Duk wanda ya san Keffi ya san barikin sojan da ke garin, kuma ya san sunansa: Barikin Shittu Alao. Na daɗe ina jin sunan ban taɓa tambaya ba. Wata rana dai na tambayi Baba ko wane ne mai sunan, sai ya ce shi ma bai sani ba, amma daga jin sunan wani babban soja ne Bayarabe daga can Legas ko Badun. Direbanmu ma haka ya ɗauka.

Da na bi diddigi sai na tarar duk mun yi kuskure. Mutumin nan a Arewa aka haife shi, a kan dutsen Filato, nan maƙwabtanmu. Shi ne shugaban sojan saman Najeriya a lokacin yaƙin basasa, a hannunsa jiragen jet na farko suka shigo ƙasar nan ta Kano, kuma a cikin irin jirgin da ake koya wa matuƙa tuƙi ya rasu yana da shekara 32. Na ga ya dace ku da ke zaune a kudu ku ji labarinsa, domin labarinku ne aka juya shi ta ɗaya gefen.

Haihuwa a ƙasar kuza

An haifi Shittu Alao a shekarar 1937 a Dorowa Babuje, wani gari da ke yankin Barikin Ladi a jihar Filato ta yanzu. Asalin gidansu Ogbomosho ne, a jihar Oyo ta yau. Wanda ya san yankin Barikin Ladi ba zai yi mamaki ba. A wancan zamani haƙar kuza ce ke jan mutane zuwa Filato daga ko'ina: Hausawa da Barebari da Ibo da Yarabawa da mutanen Urhobo, wasu lebura, wasu akawu, wasu 'yan tireda, wasu teloli da direbobi. Mutanen Ogbomosho kuwa sun yi suna wajen fatauci a Arewa, har yau in ka shiga Jos za ka same su da gidajensu da masallatansu da coci-cocinsu.

Ba shi kaɗai ba ne ɗan Ogbomosho da Arewa ta raina. Samuel Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, a Minna ya yi ƙuruciyarsa. Benjamin Adekunle, wanda ya jagoranci runduna ta uku a yaƙin basasa, a Kaduna aka haife shi a 1936, mahaifiyarsa kuma 'yar Bachama ce. Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara da aka kashe rana ɗaya da Janar Murtala a 1976, a Wushishi aka haife shi. Lokacin da iyayen waɗannan ke hawowa Arewa da kayan tireda, lokacin ne kakanninmu ke gangarawa kudu da shanu, su komo da goro. A 1916 aka kafa unguwar Sabo ta Badun. Hanya ɗaya ce, kowa da inda ya fuskanta.

Alao ya fara aiki ne a matsayin hafsan sojan ƙasa, don lokacin da ya shiga soja Najeriya ba ta da sojan sama kwata-kwata.

Yadda aka fara sojan sama

Abin da ya farkar da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne rikicin Kwango. Daga 1960 Najeriya ta tura sojoji can ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma jiragen wasu ƙasashe ne ke kwasar su, su kai su, su dawo da su. Ƙasa mai 'yanci, amma sojanta ba zai motsa ba sai an ara masa jirgi. Ministan tsaro na lokacin, Alhaji Muhammadu Ribaɗu, shi ya ɗauki nauyin gyara wannan.

A 1962 aka tura samari goma zuwa Habasha su koyi tuƙin jirgi. A 1963 aka tura wasu Kanada, wasu Indiya. Sannan aka ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Yamma ta zo ta kafa rundunar tun daga tushe. Shi ya sa shugabannin sojan samanmu biyu na farko Jamusawa ne: Kanar Gerhard Kahtz, sai Kanar Wolfgang Thimmig. A watan Afrilun 1964 majalisa ta zartar da dokar da ta kafa rundunar a hukumance. Kaduna ce cibiyar horo, jiragen kuma ƙanana ne masu farfela, irin su Piaggio da Dornier. Babu jet ko ɗaya.

To, sabuwar runduna tana buƙatar manya 'yan ƙasa da za su karɓa idan Turawa sun tafi, yaran da aka tura karatu kuwa ko kammalawa ba su yi ba. Sai aka ɗebo wasu 'yan hafsoshi daga sojan ƙasa aka mayar da su sojan sama. Alao na cikinsu. A 1963 aka tura shi Jamus ya yi kwas na shekara ɗaya a kan yadda ake tafiyar da sojan sama. Da ya dawo sai aka ba shi kula da ayyukan jirage a hedikwatar rundunar.

Shekarar 1966

Kowa ya san abin da ya faru ranar 15 ga Janairun 1966. An kashe Sardauna, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Akintola, an kashe manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. A cikin watan ne shugabancin sojan sama ya bar hannun Jamusawa ya koma hannun ɗan ƙasa na farko, George Kurubo, mutumin Bonny, wanda shi ma daga sojan ƙasa aka kawo shi. Daga baya Jamusawan suka tattara suka tafi, aikin da suka fara bai kammala ba.

Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, wanda sojojin Arewa suka yi, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi da Kanar Adekunle Fajuyi a Badun. Masu rubuta tarihin soja sun sa sunan Manjo Shittu Alao a cikin hafsoshin Arewa da suka taru a barikin Ikeja tare da Murtala Muhammad a kwanakin da ake ta ja-in-ja kan makomar ƙasa, kafin Yakubu Gowon ya karɓi mulki ranar 1 ga Agusta. Ku lura da wannan. A lokacin da ƙasa ta fi kowane lokaci rabuwa, lokacin da sunan mutum kaɗai kan iya sa a kashe shi ko a bar shi, mai suna Alao a sahun 'yan Arewa ya tsaya, su ma kuma nasu suka ɗauke shi. Ba ina yabon juyin mulkin ba ne, jini ya zuba a cikinsa ba kaɗan ba. Ina nuna muku inda shi ya ɗauki kansa ne, da inda abokan aikinsa suka ajiye shi.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. An kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka gudu gida. 'Yan Arewa da ke zaune a Gabas su ma an taɓa su, suka baro dukiyarsu suka taho. A kowane ɓangare baƙo ne ya fara shan wuya. Ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi goma sha biyu. Lafiya da Keffi da Dorowa Babuje duk suka faɗa jiha ɗaya, Binuwai-Filato. Kwana uku bayan haka Ojukwu ya ayyana Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Yaƙi ya zo babu jirgin yaƙi

Abin mamaki, Biyafara ce ta fara kai hari ta sama. Sun samo wani tsohon jirgin yaƙin duniya na biyu, ƙirar B-26, da wani matuƙi ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach. A watan Yulin 1967 jirgin nan ya kai hari filin jirgin Makurɗi, wanda daga nan Lafiya bai fi kilomita ɗari ba. Gwamnatin tarayya ba ta da abin da za ta tare shi da shi. Abin da ta iya yi shi ne ɗaukar jiragen horo da na fasinja a riƙa jefo bam daga cikinsu da hannu.

Gowon ya nemi Birtaniya da Amurka su sayar masa da jiragen yaƙi, suka ƙi. Sai ya juya wajen Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta. A watan Agustan 1967 abubuwa uku suka haɗu. Sojojin Biyafara suka tsallaka kogin Kwara ranar 9 ga wata suka mamaye jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore a kan hanyar Legas. Aka tura Kurubo Mosko a matsayin jakada, aka naɗa Shittu Alao shugaban sojan sama yana ɗan shekara 30, abin da ya sa ya zama ɗan majalisar ƙoli ta mulkin soja. Sannan a tsakiyar watan manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka fara sauka a filin jirgin Kano da jiragen MiG a cikin akwatuna, aka shiga haɗa su. A cikin wannan lokacin ne kuma jiragen L-29 suka iso daga Chekoslobakiya. Kano, inda jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, ita ce kuma ƙofar da jet ɗin soja ya shigo ta cikinta. Jirgin Zumbach ma sai da ya biyo su har Kano ya kai hari a cikin watan.

Jirgi ya samu, saura matuƙi

A nan ne babbar matsalar Alao take. Jirgi kaya ne, in kana da kuɗi da mai sayar maka, cikin sati za ka same shi. Matuƙi kuwa shekaru ake yi ana gina shi. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka dole ta sa aka yi.

Tuƙin jet daban yake da na jirgi mai farfela. Gudunsa ya ninka, don haka lokacin da matuƙi ke da shi na yin tunani ya ragu. Injinsa ba ya amsawa nan take, in ka ba shi wuta sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya ja, wanda bai saba ba kuwa yakan makara a wajen sauka. Yana shan mai kamar me, musamman in yana tafiya ƙasa-ƙasa. In ya yi kwana mai tsanani, jini kan sauka daga kan matuƙi har ganinsa ya dushe. Shi ya sa ko'ina a duniya ake hawa mataki-mataki: a fara da ƙaramin jirgi mai farfela, a koma jet na horo, sannan a hau jet na yaƙi.

L-29 shi ne matakin tsakiyar. Kamfanin Aero na Chekoslobakiya ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1959, kuma a 1961 aka zaɓe shi ya zama jirgin horon Tarayyar Sobiyet da yawancin ƙawayenta. An ƙera fiye da 3,000. Laƙabinsa Delfin, sunan wata dabbar teku. Kujera biyu gare shi, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da abin tuƙinsa, ta yadda in ɗalibi ya kuskure malami zai karɓe. Injinsa ɗaya, fukafukansa a miƙe, ba shi da wuyar sha'ani, yana ma iya sauka a filin da ba kwalta. Haka nan Sobiyet sun haɗo da MiG-15 mai kujera biyu, wanda a kansa ake koyon hawa MiG-17.

Amma da yake yaƙi ake yi, jirgin da aka ƙera don makaranta sai aka ɗaura masa rokoki da bindigogi aka tura shi fagen daga. Jirgi ɗaya, yau aji, gobe yaƙi. Matasan da suka yi horo a Habasha da Kanada da Jamus, da yawansu a haka suka koma tuƙin jet, wasu a nan gida, wasu aka tura su Sobiyet.

Kafin su ƙware kuwa sai da aka yi haya. Matuƙa daga Masar ne suka riƙa tuƙa yawancin jiragen MiG a farko, su ne kuma suka zo da manyan jiragen jefa bam ƙirar Il-28 a 1968. An kuma ɗauko sojojin haya Turawa daga Birtaniya da Afirka ta Kudu da wasu wurare. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. An yi ta kukan cewa matuƙan Masar ba sa samun abin da aka aike su, kuma ba sa tashi da dare. Wannan ne ya sa filin jirgin Uli, wanda hanyar mota ce Biyafara ta mayar filin jirgi, ya ci gaba da karɓar jiragen abinci da na makamai cikin dare har kusan ƙarshen yaƙi.

Mu da ke harkar shanu mun san wannan. In ka damƙa garkenka ga yaron haya wanda bai san su ba, bai san daji ba, kuɗinsa kawai yake jira, to duk abin da ya faru kai ne da asara, kai ne kuma za a kira gaban mai gona.

Shi Alao ba shugaban zaman ofis ba ne. Duk da cewa daga sojan ƙasa ya fito, ya koyi tuƙi, kuma an san shi da hawa jirgi da kansa ya fita aiki a lokacin yaƙin. A rundunar da baƙi suka fi 'yan gida ƙwarewa, ganin shugaba ɗan ƙasa a cikin jet ba ƙaramin abu ba ne ga yaran da ke tasowa.

Abin da ba za a ɓoye ba

Ba zai yiwu a ba da tarihin mutumin nan a tsallake wannan ba. Jiragen tarayya sun jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci da unguwannin farar hula a garuruwa irin su Aba da Umuahia da Owerri, mata da yara da yawa suka mutu. 'Yan jarida da ma'aikatan agaji na ƙasashen waje sun gani da idonsu sun rubuta. An fi ɗora laifin a kan matuƙan haya, amma rundunar tasa ce, shi ne shugabanta. Ranar 5 ga Yunin 1969 wani MiG na tarayya ya harbo jirgin agaji na ƙungiyar Red Cross da ke kan hanyar Uli, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Gwamnati ta tsaya a kan cewa jiragen makamai na fakewa da na agaji suna shiga, amma abin ya ɓata sunan Najeriya a duniya.

Ku da ke zaune a Anacha da Aba da Inugu, maƙwabtanku da abokan cinikinku akwai waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka mutu a waɗannan hare-hare. Sunan da aka rubuta a ƙofar bariki a Keffi, a can wani abu daban yake tuna musu. Sanin haka na cikin zaman lafiya da mutane.

Shi ma ɓangaren tarayya ya sha nasa. A watan Mayun 1969 wani Bature ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar masu farfela, aka ɗaura musu rokoki. Ranar 22 ga wata suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal, cikin 'yan kwanaki suka bi da na Binin da na Inugu, suka lalata jiragen tarayya a ƙasa. Jiragen da ba su fi na koyon tuƙi ba suka kunyata MiG. Darasin dai ɗaya ne: wanda ke cikin jirgi ya fi jirgin muhimmanci.

Uzebba, 15 ga Oktoban 1969

Ranar Laraba, 15 ga Oktoban 1969, Kanar Alao yana tuƙa L-29 shi kaɗai a sararin jihar Tsakiyar Yamma. Ku da ke kudu kun san yadda Oktoba take, ƙarshen damina, hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci ya rufe ko'ina. Yanayi ya ɓaci, mai ya yi ƙasa. Jirgi mai inji ɗaya, in mai ya ƙare babu wata dabara sai neman inda za a sauka. Ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa a garin Uzebba, arewa da Binin, a ƙasar Owan ta jihar Edo ta yanzu. Jirgin ya bugi bishiya. Nan ya rasu.

Uzebba tana cikin ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke Sabongida-Ora. Ku dubi sunan: Sabongida, Hausa ce tsantsa a tsakiyar ƙasar Edo. Ɗan Yarabawa da aka haifa a garin da ake kira Dorowa ya zo ya cika kusa da garin da ake kira Sabongida. Haka ƙasar nan take a cakuɗe tun kafin a haife mu.

Bayan kwana biyu, ranar Juma'a, aka binne shi a Legas da cikakkiyar girmamawar soja. Wata uku cif bayan rasuwarsa, ranar 15 ga Janairun 1970, aka kawo ƙarshen yaƙi a barikin Dodan. Bai ga ranar ba. Emmanuel Ikwue, shi ma daga sojan ƙasa, shi ya gaje shi.

Makarantar da ta tsiro a Kano

Bayan yaƙi baƙin matuƙa suka watse, jiragen L-29 da suka rage suka koma aikin da aka ƙera su dominsa. Tsarin ya zauna: Kaduna ce makarantar farko, inda ɗalibi ke fara tashi a jirgi mai farfela, Kano kuma makarantar jet. Yaran da suka yi yaƙi a ƙarƙashin Alao su suka zama malamai da shugabanni. Ibrahim Alfa, mutumin Garkiɗa da ya yi horo a Jamus, ya riƙe sashen horon matuƙa na Kano bayan yaƙi, daga baya ya yi gwamnan Kaduna, ya kuma shugabanci sojan sama daga 1984 zuwa 1990. John Yisa-Doko, Banufe daga cikin goman da aka tura Habasha a 1962, a 1975 ya zama shugaban rundunar na farko da tun asali matuƙi ne.

A tsakiyar shekarun 1980 aka sayo L-39 guda 24 daga kamfanin da ya ƙera L-29, wato ƙanensa, aka kai su Kano. An daɗe ana kiran makarantar da lamba 303, yanzu 403 ce, ta Kaduna kuma 401. Duk jet ɗin da muke jin ƙararsa in ya taso daga Makurɗi ya bi ta kan Lafiya, da wuya a ce matuƙinsa bai bi ta ɗaya daga cikin makarantun nan ba. Makarantar ta sha fama, akwai shekarun da jirage suka kwanta saboda rashin kayan gyara har aka koma tura ɗalibai waje. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani kuma, sai aka sake ɗaura wa jiragen horo makamai aka tura su Arewa maso Gabas, kamar dai yadda aka yi a 1967.

Abin da ya sa na rubuta

Ina da ɗan uwa, ɗan ƙanin Baba, a Sabo ta Badun aka haife shi, can ya yi firamare da sakandare, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Burinsa shiga sojan sama. Da ya zo cike takardu sai aka nemi takardar indijin. Inda aka haife shi aka ce masa ya koma garin ubansa. Da ya zo garin uban nasa, sai da Baba ya yi ta zarya da shi wajen masu unguwa kafin a yarda an san shi, don ko hanyar kasuwa bai sani ba. Kafin takarda ta fito an rufe ɗauka. Bana zai sake gwadawa. Na san a cikin masu karanta wannan akwai da yawa da irin haka ta same su ko ta sami 'ya'yansu, a Agege ko Idi-Araba ko Shagamu. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 sun san cewa shekara hamsin a gari ba ta hana a wayi gari a kira ka baƙo.

Mu ma a nan Arewa sai mu tambayi kanmu. Da yau ne aka haifi Shittu Alao a Barikin Ladi, ko a Lafiya, ko a Kano, wace ƙaramar hukuma ce za ta ba shi takarda? Abin da muke so a yi wa yaranmu a Badun, shi ya kamata mu yi wa ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da aka haifa a unguwarmu.

Shawarata ga iyaye mazauna kudu guda biyu ce. Ta farko, kada a jira sai ranar cike fom. Tun yaro na ƙarami a nema masa takardar haihuwa da ta asali, a riƙa kawo shi gida ana saninsa. Ta biyu, kada a cire yaro daga makaranta don kara ko shago na kawo kuɗi yau. Aikin jirgi sai da lissafi da kimiyya da Turanci. Ni kaina da na tsaya a sakandare na san abin da ya wuce ni.

Da na gaya wa Baba abin da na gano, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ashe shekara da shekaru yana wuce sunan ɗan jiharsu bai sani ba, don lokacin da aka haife shi Lafiya tana cikin Filato. Yanzu in mun zo Keffi shi da kansa yake ba yaran mota labarin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan yaƙi ta kowane ɓangare, Ya tsare mu da ganin irinsa, Ya kuma tsare ku a inda kuke neman halalinku. Amin.